Wane Littafi Za Ka Ba Ni Aro?

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake jin ta a bakin ɗaliban jami'o'inmu ba, ko a Yamai ko a Damagaram, ko a Maraɗi ko a Tawa. Muna tambayar juna ranar jarrabawa, muna tambayar wa ke da fotokofin darasin malam wane, muna tambayar ko kuɗin tallafin karatu sun fito. Amma a ce ɗalibi ya dubi ɗan uwansa ya ce, "Wane littafi ne ya fi kwanta maka a rai, za ka ba ni aronsa?" wannan kam sai an dace. Ra'ayina shi ne rashin wannan tambaya naƙasu ne gare mu, musamman mu da muka zaɓi kimiyyar harshe ta zama sana'armu, kuma maganin naƙasun yana hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ko wata ƙungiya ta kawo mana shi ba.

Mahauci da makiyayi

Mu fara da sana'ar tamu. Aikin mai nazarin harshe ya yi kama da na mahauci: ya san kowace gaɓa, ya san inda wuƙa za ta bi ta raba ƙashi da tsoka. Mukan ɗauki jumla, mu raba yankin suna da yankin aikatau, mu ɗora alamar karin sauti a kan kowane wasali, mu ba ta lamba, mu fassara ta da Faransanci a ƙarƙashi. Wannan aiki ne mai daraja, ba a zama masanin harshe sai da shi. Sai dai mahauci bai san saniya kamar yadda makiyayi ya san ta ba, domin shi makiyayi da ranta yake ganin ta, ya san tafiyarta da kukanta da abin da ke firgita ta.

Akwai abubuwa a cikin Hausa da ba sa bayyana sai a doguwar magana. Ɗauki ƙananan kalmomin nan: dai, fa, kuwa, ma, kam, kuma. Ƙamus zai ba ka ma'anar kowace, amma bambancin "shi dai ya tafi" da "shi kam ya tafi" da "shi ma ya tafi" yana rataye ne da abin da aka faɗa kafin nan, da abin da mai magana ke zaton mai sauraro ya riga ya sani. Haka nan "suka" da "aka". A aji an koya mana cewa suna zuwa bayan kalmar tambaya ko bayan abin da aka ƙarfafa. Amma duk wanda ya buɗe littafin labari zai tarar da su jere, suka tashi, suka ɗaura sirdi, suka kama hanya, babu tambaya babu ƙarfafawa, su ne ke ɗauke da labarin daga wannan mataki zuwa wancan. Mai son ya fahimci wannan sai ya bi marubuci shafi bayan shafi, ya ga inda ya sake su ya koma "sun" da "an", ya tambayi kansa dalili.

Ga kuma rubutu. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa ana samun ɗalibin da zai rubuta kundi mai kauri da Faransanci a kan ginin jumlar Hausa, amma in aka ce ya rubuta shafi biyu da Hausar kanta sai ka ga "shine" a maimakon "shi ne", ka ga "ya na" a maimakon "yana", ka nemi ƙugiyar ɗ da ƙ ka rasa. Dalilin ba rashin basira ba ne. Ƙa'idar rubutu ta ido take shiga, kuma idon da bai saba ganin ta a shafi ba, haddar doka ba za ta wadatar da shi ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kafin wannan an yi doguwar tafiya: taron Bamako na 1966 a kan haruffan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, makarantar gwaji ta farko da aka fara koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, taron Yamai na 1980 a kan daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, ƙa'idojin rubutu na 1999, da dokar harsunan ƙasa ta 2001. Duk waɗannan takardu ne, kuma takarda tana iya ba harshe matsayi. Abin da ba ta iyawa shi ne ta haifa masa masu karatu da marubuta.

To, in lokaci ya yi da za a nemi masu rubuta littattafan makaranta, da masu fassara dokoki da bayanan kiwon lafiya, da masu horar da malamai, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Tamu. Ranar nan ba za a tambaye mu mu zana bishiyar jumla ba. Za a miƙo mana shafi ashirin a ce mu mayar da su Hausar da manomi a Mayahi da ƴar kasuwa a Madawa za su ji su gane, kuma su ji daɗin ji. Wanda bai taɓa karance littafin Hausa daga bango zuwa bango ba, da wace Hausa zai yi wannan aiki? Abin da na faɗa a kan Hausa kuwa ya hau kan ƴan uwanmu masu nazarin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunanmu, kowa da nasa nauyin.

Aro gadonmu ne

Za a ce littattafai sun yi tsada, ɗakunan karatu kuma ba su wadata ba. Gaskiya ne. Amma ilimi a ƙasar nan bai taɓa jiran wadata ba. Kafin zuwan injin ɗab'i, almajirin da ya ji labarin wani littafi a hannun wani malami sai ya yi tattaki, ya ari littafin, ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi warƙa-warƙa, ya mayar wa mai shi nasa, ya sa kwafin a gafaka ya kama hanya. Ta wannan hanya ilimi ya zagaya tsakanin Agadas da Katsina da Gobir da Barno, kuma a cikinta aka reni Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wanda ya leƙa sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta Yamai, taskar da Bubu Hama ya yi ɗawainiyar tarawa, zai ga shafuka da ƙananan bayanai a gefensu. Masu karatu ne ke barin wa na bayansu abin da suka fahimta. Littafi ɗaya, hannu da yawa.

Har littafin da ake ɗauka shi ne ƙololuwar zuben Hausa, daga aro ya fito. A 1936 Abubakar Imam ya yi wata shida a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, bayan Rupert East na hukumar talifi ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Imam ya karanta, ya narkar da abin da ya karanta, ya sake ƙera shi da sarakuna da fadawa da ɓarayi da alƙalai irin namu, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Ba don ya karanta na wasu ba, da bai rubuta namu ba.

Waɗanda nake son ba da aronsu

Tun da na ce a riƙa tambaya, ya kamata in ba da tawa amsar. Littattafai biyar ne, kuma kowane akwai abin da yake yi wa mai karanta shi.

Na farko shi ne Magana Jari Ce ɗin, kundi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Da yawa sun san wasu labaransa tun suna yara, amma a sake karanta shi da idon babba. Ginshiƙinsa aku ne da ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri maci amana. Wato tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dakaru ya kare gidan sarauta da harshensa kaɗai. Ga ɗalibin harshe, littafin makaranta ce ta yadda ake sarrafa zance: yadda bafade ke faɗa wa sarki gaskiya ba tare da ya rasa kansa ba, yadda mai wayo ke amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Na biyu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar. Siriri ne, ana iya gama shi a yini ɗaya, amma nauyinsa ya fi girmansa. Yaro ne aka sace, ya bi ayari ya ƙetare Sahara, ya tashi a hannun wani Balarabe har ya zama malami, mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa ita ma ta faɗa bauta. Marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan sanyin muryar shi ke sa abin ya fi ciwo. Mu da hanyoyin ayari suka ratsa ƙasarmu, littafin yana tilasta mana duban wani ɓangare na tarihi da ba mu cika son ambatonsa ba: cewa saye da sayar da mutane a kasuwanninmu aka yi shi.

Na uku Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa da ya yi amarya ya kore ta da ƴaƴa tara, ta kama sayar da abinci don ta ciyar da su ta kuma biya musu makaranta. Marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya. Wannan littafi na fi son in ara wa ƴan uwana maza. Akwai lissafin da mace ke yi a zuci tsakanin kuɗin cefane da kuɗin magani da abin da dangin miji za su ce, wanda namiji zai iya tsufa bai taɓa jin sa ba in ba a littafi irin wannan ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassararsa da Ingilishi. Abin kunya ne a karanta shi a can, mu da aka rubuta shi da harshenmu ba mu san shi ba.

Na huɗu da Faransanci yake: Sarraounia na Abdulaye Mamani, 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. Ya ginu ne a kan turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar Vule da Shanwan a 1899, rundunar da ta bar toka da gawarwaki a hanyarta, har da Birnin Ƙonni. Ƙagaggen labari ne, ba littafin tarihi ba, kuma daɗinsa ke nan ga masu son muhawara: ina ruwayar baka ta tsaya, ina tunanin marubuci ya fara? Ɗalibin harshe kuma yana da tasa tambayar: me ya salwanta da aka sa mutanen Arewa suna magana da Faransanci, kuma wa zai mayar musu da bakinsu?

Na biyar L'Éducation en Afrique na Abdu Mumuni, 1964. Ɗan Tasawa ne, masanin kimiyyar fiziya da makamashin rana, amma ya zauna ya rubuta littafi guda a kan tarbiyyar gargajiya da makarantar mulkin mallaka da wajabcin koyar da yaro da harshensa. Dubban ɗalibai suna rubuta sunansa a saman takardunsu kowace rana. Nawa ne suka buɗe littafinsa? Haka jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunan Andre Salifu, marubucin tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, ta Tawa kuma da sunan Jibo Hamani, marubucin tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Mun rataya sunayen marubuta a ƙofofinmu. Girmamawar da ta fi wannan ita ce a karanta su.

Abin da karatu ke ƙara wa mutum

Ba don jarrabawa kaɗai nake wannan kira ba. Littafi yana koya wa mutum haƙurin zama da tunanin wani na tsawon kwanaki, ya bar shi ya kai aya kafin ya yanke masa hukunci. Wannan hali yana ƙaranci a zamanin da salula ta saba mana da saƙon da ba ya wuce layi uku. Yana kuma ba mutum kalmomin da zai kira abin da ke damunsa da su, domin damuwar da ba ta da suna ta fi wuyar ɗauka.

Amma rabin amfanin ba ya samuwa sai littafin ya bar hannunka. Ranar da ka ara wa abokiyar karatunka littafin da kake ƙauna, ta dawo ta ce ita jarumin bai burge ta ba, matsoraci ne, ranar ce za ka san ko ka fahimci abin da ka karanta. Dole ka koma shafi, ka nemo hujja, wataƙila ka tarar ta ga abin da ya wuce ka. A nan ake koyon jin saɓani ba tare da ɗaukar sa gaba ba, da bambanta "ban yarda da kai ba" da "ba na ƙaunarka". Wanda ya saba da wannan a kan tabarma, ranar kare kundinsa gaban malamai ba za ta zo masa a baƙuwa ba.

Uzurori huɗu

Na farko: littafin aro ba ya dawowa. Wani lokaci haka ne. Amma littafin da aka kulle a akwati shi ma ba ya tsira. Gara da laimar damina da ƙurar hunturu suna jiran sa, kuma su ba sa karantawa kafin su ci. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a kan zane sun yi gaskiya, tun da mai shi na karɓa ka koma yadda kake. Littafi ya saɓa wa wannan: ka mayar da shi, abin da ka karanta ya zauna tare da kai. Maganin mai riƙe littafi rajista ce da kunyar idon jama'a.

Na biyu: ba lokaci. Shafi goma a rana, tsakanin la'asar da magariba ko a jiran malamin da ya makara, sun isa a gama ƙaramin littafi cikin mako biyu. Kowa ya duba awannin da ya ba WhatsApp da Facebook jiya, sa'an nan ya sake faɗin uzurin.

Na uku: wai littattafan Kano na soyayya ne, ba su dace da ɗan jami'a ba. A cikinsu akwai masu rauni, kamar kowane adabi. Amma masanin harshe da ke raina abin da jama'a ke karantawa ya raina ma'adininsa. Kuma a faɗi gaskiya, matan aure da ƴan mata da ke miƙa wa juna waɗannan littattafai ta kan katanga, wannan ta gama ta ba waccan, sun fi mu riƙe al'adar aro. Su ne suka raya karatun Hausa a gidaje lokacin da mu muke ta fotokofi.

Na huɗu ya fi sauran nauyi: yawancin littattafan da Hausar Kano aka rubuta su, ba da tamu ba. Ɗan Adar ko Gobir da ya tashi da "munka" da "sunka" da "shina" da "biyat" yana iya jin kamar an bar shi a waje. Ina ganin wannan riba ce ga mai nazari. Ya karanta da fensir a hannu, duk inda littafi ya ce "ce" shi kuwa a gida "ta" ake cewa, ya sa alama. Kafin ya kai bangon ƙarshe ya tara abin rubuta maƙala. Bernard Caron ya fitar da littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991, Abdu Mijingini ya ba mu ƙaramin ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci tun 1987, kuma aikin bai ƙare ba. Wanda ya koma ga waƙoƙin Nana Asma'u da na zamaninta zai ji Hausar yamma ce ke magana, irin ta kakarsa. In kuwa muna kukan ƙarancin littattafan da aka rubuta da Hausar Nijar, to mu sani marubuci daga cikin masu karatu yake fitowa.

Sai gargaɗi ɗaya. Ara wa mutum littafinka daban, ɗaukar hotonsa a watsa wa ɗaruruwa a salula daban. Marubutan Hausa da yawa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi. Wanda marubucinsa ke raye kuma ana samun sa a kasuwa, a haɗa kuɗi mutum biyar a saya, sa'an nan ya zagaya.

Abin da za mu iya farawa a wannan zango

Kowane aji ya sami kaye guda. Duk mai littafin da yake so, da kowane harshe, ya rubuta sunansa da sunan littafin. Mai aro ya sa hannu da kwanan wata, wa'adi mako biyu. Sau ɗaya a wata, fadar da muke shan shayi a cikinta ta zama ta littafi: mutum biyu ko uku kowa ya yi minti goma yana faɗin abin da ya karanta da abin da bai yarda da shi ba, da Hausa ko da harshen da ya tashi da shi. Wanda ya yi bayani ya rubuta rabin shafi ya miƙa wa wannan mujalla, don ɗalibin Tawa ya san abin da na Damagaram ke karantawa. Duk wanda ya kare kundinsa zai tafi, ya bar wa ajin da ke bayansa littafi ɗaya da sunansa a ciki. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu lafiya, muna roƙon su haɗa mana da cikakken littafi guda a kowane zango, a karance shi duka, kada a tsaya ga yanki.

Aji mai mutum talatin, in kowa ya kawo ɗaya, ya mallaki littafi talatin ba tare da an gina ɗaki ko an nemi tallafi ba. Biyar ɗin da na ambata su ne nawa, kuma su zan fara rubutawa a kayen ajinmu. Ɗan uwa, ƴar uwa, saura naku.